Shekarar da Na Raba Takalmin Taya

Kun girma kuna ganin takalma biyu rataye a saman ƙofar rumfata a Kasuwar Dole, ɗaya babba ɗaya ƙarami, kowanne da tayoyi a ƙarƙashinsa. Na kuma ji abin da kuke gaya wa abokanku a kansu. Sani ya ce laya ce ta jawo ciniki, ƙanwarsa kuma ta ce shaida ce ta ranar da taurin kaina ya kore mini babban abokin hulɗa. Maganar ƙanwar ta fi kusa da gaskiya, sai dai ta yar da rabin labarin a hanya. To tunda gwiwa ta zaunar da ni a gida, kuma a kan takarda ba wanda zai katse ni, bari in faɗa muku yadda aka yi.

Ni mai takalmi ne, mai takalmi kuwa ƙafa yake gani kafin fuska. Mutum zai yi sallama in amsa, amma idona yana ƙasa. Kafin ya zauna na san lambarsa, na san ko da gefe yake takawa, na san ko daga ƙauyen Gaffati ya tako ko babur ɗin haya, kabu-kabu, ne ya sauke shi a bakin kasuwa. Uwarku ta sha cewa ƙafarta na aura, fuskar daga baya na duba, kuma ba ta yi nisa da gaskiya ba. Maigidana da ya koya mini sana'a ya bar mini dokoki biyu. Ta farko, yaro ba a ba shi takalmi daidai ƙafarsa. Idan uba ya zo da tsinken tsintsiya da aka auna ƙafar ɗansa, sai ka ƙara yatsa biyu a kan tsinken, yaron ya girma a ciki. Ta biyu, ba a raba takalmi da ɗan'uwansa. Wanda ya sayar da wari ɗaya ya kashe biyu, kuma 'yan kasuwa za su daɗe suna ba da labarinsa. A kan waɗannan dokoki na ci, na sha, na yi aure, na haife ku.

Yayarku Uwani ita ce 'yar farinmu, sunan mahaifiyata aka sa mata. Kun san yadda muke da ɗan fari: ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi. Ko Uwanin ma ban cika faɗa ba, sai dai in ce yarinyar nan. Tana fara tafiya shan inna ya taɓa ta. Allah ya taƙaita, ya bar mata ƙafafunta, amma ta hagu ta tsaya ƙarama, idon sawunta kuma ba ƙarfi, yana karkata ciki idan ta taka. Takalminta kullum da ƙafar dama ake aunawa, a ƙara yatsa biyu, ta hagun kuma uwarku ta cusa mata auduga a baki. Saboda haka takalmin hagu ja take yi. Ina ɗaki nakan san ita ce ta shigo, kuma a cikin yashin ƙofar gida sawunta daban yake, taku ɗaya sannan dogon layi. A asibiti sun ba ta sanda, ta riƙe ta kwana kaɗan, yara suka sa mata suna, ta jefa ta bayan randa ba ta sake taɓawa ba.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar da ta ci sartifika, jarabawar gama firamare, aka rubuta sunanta a koleji. Lakwal ɗinta, wato makarantar firamare, a bayan gidanmu take cikin Birni, tsohon gari, amma kolejin sai an fita ƙofa an yi tafiya mai tsawo cikin yashi. In babu sanda ba za ta iya ba, da sanda kuma ba za ta yarda a gan ta ba. Wata safiya ina alwala a bakin makwarara na ji ta tana magana da uwarku a madafi.

“Mama, ni kam ba za ni koleji ba.”

“Saboda me? Ke da kika ci jarabawa?”

“A lakwal ɗinmu kowa ya gama kallona tun ina ƙarama, har sun gaji. Can sabbin idanu ne. Sai an faro daga farko.”

Iya, mahaifiyata, tana zaune a kan tabarma tana jan carbi, ta sa baki.

“Takwara, ni ma da sanda nake yawo, wa ya cinye ni?”

“Ke ai tsohuwa ce, Iya.”

Iya ta yi dariya, uwarku ta yi faɗa, ni kuwa na ƙarasa alwala na fita kamar ban ji ba. Amma na ji, kuma ya zauna mini a ƙirji. Na san halin yarinyar nan, don nawa ne ta ɗauko. Idan ta ce a'a, duka ba ya juya ta, lallashi ma haka. Hutun damina ne, watannin suna tafiya, ina lissafin ranar komawa makaranta a zuci ba tare da na san abin yi ba.

A cikin wannan hutun na fasa wata dilar gwanjo. Ina tsammanin kambas ne na 'yan makaranta, sai ga wasu abubuwa suna faɗowa da nauyi kamar duwatsu. Na ɗauki ɗaya na juya shi. Takalmi ne, amma jikinsa da tauri kamar ƙwarya, bakinsa ko da guduma ka buga ba zai lotsa ba, harshensa kauri, igiyarsa doguwa har ta isa ɗaure akuya. A ƙasa an kafa masa ƙarfe, tayoyi huɗu a jere kamar ayarin raƙuma, biyun baya sun ɗan fi na gaba girma. Lambobin ciki ma ba irin namu ba ne, maimakon talatin da takwas ko arba'in sai ka ga biyar, shida, da wani harafi a gefe. Na ajiye shi a kan benci ya gangara da kansa ya faɗa cikin kwandon silifa. Maƙwabtana suka taru, kowa ya tofa albarkacin bakinsa, mafi yawansu suka yi mini jaje.

Wanda bai yi mini jaje ba shi ne Alhaji Sabo, Bakano, wanda yake zuwa ranar Alhamis ya kwashi kaya ya tsallaka iyaka da su. Rabin cinikina a hannunsa yake. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ce akwai mai wata makaranta ta 'ya'yan masu hali a Kano da yake neman irinsu, amma sai in sun cika, don yara ƙungiya guda za a raba wa.

“Ka ajiye mini su duka, Malam Habu. In na dawo da mota zan ɗauka.”

Na ce Allah ya kai mu. Ban sallama ba, amma ban ce a'a ba, kuma tsakanina da shi wannan ya isa.

Da yamma na tafi da ɗaya da ɗan'uwansa gida don Iya ta ga abin da Turawa suka koma yi. Aka yi ta dariya ana miƙa wa juna. Da ya zo hannun Uwani ba ta yi dariya ba. Ta sa tafin hannu ta murza tayar, ta tsaya tana kallonta har ta daina juyawa, ta sake murzawa.

“Baba, in sa?”

Na manta rabon da ta roƙe ni wani abu kai tsaye. Na dubi ƙafarta ta dama, na ga takalmin ya fi ta da yatsa biyu zuwa uku, na ce a raina daidai ke nan. Uwarku ta kawo auduga ta cusa a na hagu, aka ɗaure, aka kama ta ta miƙe a kan simintin baranda. Ana sakinta ƙafar hagu ta yi iyo a ciki, idon sawun ya karye ciki, ta zube a kan kwanukan wanke-wanke. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zauna ta kwance igiyoyin a hankali, ta jera takalman a gefe.

“Dama na sani,” ta ce, ta shige ɗaki.

Kwana biyu bayan haka Mushe Isufu, haka muke kiran malaman boko a nan, ya zo rumfa neman kambas na gudu. Shi ne malamin motsa jiki a kolejin da aka tura ta, dogo ne siriri mai ƙafa arba'in da huɗu, ya yi karatu a ƙasar waje. Yana ganin buhun takalman ya manta abin da ya kawo shi. Ya ce na wasan hoki ne, wanda ake yi a kan siminti, kowane ɗan wasa da sanda mai lanƙwasasshen kai, ana korar 'yar ƙwallo zuwa raga. Ya ce shi ya sa ba su da birki a dunduniya, da juya jiki ake tsayawa. Na ce masa to ba su da kirki, wata yarinya a gidanmu ta gwada ta faɗi. Ya tambaye ni wace lamba na ba ta, na kwatanta masa da yatsu. Sai ya riƙe baki.

Bayan la'asar ya zo gida, ni kuma na ɗauko buhun gaba ɗaya a kan babur. Aka kira Uwani, ta fito tana ɗaure fuska. Bai ce mata sannu da ƙafa ba, bai ma kalli tafiyarta ba, kuma na lura hakan ya yi mata daɗi. Ya zaro shimfiɗar cikin takalmin da ta faɗi da shi, ya ajiye a ƙasa, ya ce ta ɗora ƙafa. Fili ya rage a gaba kamar za a shuka gyaɗa.

“Malam Habu, wannan ba takalmin Salla ba ne da yaro zai girma a ciki. Idan ƙafa tana yawo a ciki, taya ce take tuƙa mutum.”

“Mushe, tun kafin a haife ka nake sa wa mutane takalmi.”

“Gaskiya ne, Malam. Amma duk a ƙasa suke tafiya.”

Iya ta ce yaron nan ya gama da kai, Habu, ka zauna. Na zauna. Ya nuna mini yadda ake yi, kuma ko yau aka tashe ni daga barci zan maimaita. A tsaye, babban yatsa ya riƙa shafar bakin takalmin kaɗan, idan an durƙusar da gwiwa ya ja baya. Kafin a ɗaure, a tura ƙafa gaba, yatsa ɗaya kawai ya shiga bayan dunduniya, in biyu suka shiga ya yi girma. In an ɗaure, dunduniya kada ta ɗaga ko kaɗan. Safa mara kauri, guda ɗaya. Lambar ciki kuma a rabu da ita, don yawanci ta kan gaza ta takalmin yawo, ƙafar ce za ta faɗi gaskiya. Aka yi ta zaro shimfiɗu ana gwadawa har aka samu wanda ya zauna wa ƙafar dama. Ta hagu kuwa sai da aka sauka lamba biyu. Mushe ya ajiye su kusa da juna, babba da ƙarami, ya ɗago ya dube ni.

Uwarku ta ce, “Ai sai a bar mata manyan, a ƙara auduga.”

“Madam, audugar ce ta kayar da ita.”

Uwarku ba ta son a ce mata Madam, har yau, amma ranar ta bar shi ya wuce. Aka ɗaure wa Uwani su tamau. Mushe ya miƙa mata hannu ta tashi. Idona yana kan ƙafar hagu, ina jiran ta karkata yadda na saba gani tun tana 'yar ƙarama. Ba ta karkata ba. Taurin nan da na raina shi ne ya kama idon sawun ya tsayar da shi cak.

“Baba, ya riƙe ni.”

“Ba ya matsa ki?”

“Yana matsawa. Amma kada a cire.”

Gwaji ba ya ɓata kaya, ina iya mayar da kowanne wurin ɗan'uwansa in ɗaure buhu. Amma Mushe ya ce in za ta yi amfani da su sai an gasa su. A can ƙasar waje, in ji shi, cikin wata tanda ake sa su su yi laushi, a ɗaure a ƙafar mai su har su huce, su ɗauki siffarta, daga nan kuma sun zama nata ita kaɗai. Na ce a Damagaram ba ma sayen zafi. Da ya tafi uwarku ta same ni a zaure. Ba faɗa ta zo yi ba, tsoro ne ya kawo ta.

“Malam, ka tuna Alhaji Sabo. Ka kuma tuna a yashi za ta je makarantar nan, ba a kan taya ba. Kada ka ɓata da mutum, ita ma ta ƙi zuwa, mu tashi ba ko ɗaya.”

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Ni dai na ga ƙafar nan a tsaye, kuma na kasa mayar da abin da ya tsayar da ita cikin buhu. Washegari da rana ta take na jingina tsani, na ɗora takalman biyu a kan rufin kwano. Da suka yi zafi har suna ƙona hannu na sauko da su, na yanko fata na sa a ƙarƙashin shimfiɗar na hagu don ya ɗan ɗaga ta, na ba uwarku na ce ta ɗaure wa yarinyar nan, ta zauna kada ta motsa har su huce. Uwarku ta karɓa, ta dube ni, ta tafi ta yi.

Ranar Alhamis Alhaji Sabo ya zo da mota. Ya zazzage buhun yana haɗa kowanne da ɗan'uwansa, har ya rage biyu a hannunsa da suka ƙi haɗuwa.

“Malam Habu, ina 'yan'uwan waɗannan?”

“Suna gida, Alhaji.”

“Aika a ɗauko.”

“Ba za su dawo ba. Na raba su.”

“Kai? Mai takalmi? Don wa?”

Da na buɗe baki na ce don 'yata, na san Alhaji, mutum ne mai 'ya'ya, da ya fahimta. Amma maƙwabta sun kewaye mu, kuma 'yar fari ce, bakina ya ƙi. Na ce don wata yarinya. Ya ɗauka wani ne ya yi mini tayin da ya fi nasa nake ɓoye masa. Ya ajiye warin a kan benci a hankali, ya ce Allah ya ba da kasuwa, ya tsallaka zuwa rumfar da ke kallon tawa. Shekaru ya yi yana sauke motarsa a can ina gani. Tafiya Makka da nake shiri ta ja baya sosai, shi ya sa wasunku suka yi wayo suka tarar ana ce mini Malam, ba Alhaji ba. 'Yan kasuwa kuwa sun samu abin hira, har aka riƙa ce wa yaran shago su yi hankali kada su yi cinikin Habu. Ni da kaina na rataye warin biyu a ƙofa, don mai son dariya ya huta da tambaya.

Sauran takalman na ba Mushe aro, aron da har yau ba a dawo da shi ba. Ya sa kafinta ya sassaƙa sanduna, ya tara yaran da za su shiga koleji a filin siminti na ƙwallon hannu, mata da safe, maza da yamma. Uwarku ce take kai Uwani a kan kabu-kabu. Kwanakin farko ta dawo da bororo a dunduniya da gwiwa a kurje, Iya tana shafa mata man kaɗanya tana zagin duk wanda ya ƙirƙiro taya. Sau ɗaya na je, da sunan kai wa Mushe kambas ɗinsa, na tsaya ta bayan katanga. Kada wani ya gaya muku yayarku ta zama gwana, ba ta zama ba. Amma a kan taya ba wadda ta iya tafiya, duk tangaɗi suke yi suna zubewa, ita kuwa ta riga su sanin faɗuwa, kafin su gama kuka ta tashi. Kuma kowace yarinya a filin nan da sanda a hannunta, suna dogarawa da ita ba kunya. Na daɗe a bayan katangar nan. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa a kasuwa ba.

Duk da haka ba ta ce za ta je makaranta ba, mu ma ba mu tambaye ta ba. Ana gobe komawa na zaɓo takalman makaranta iri ɗaya lamba biyu, na ɗauki dama a nan, hagu a can, na ajiye a ƙofar ɗakinsu. Wanda ya raba na farko, na biyu ba ya yi masa wuya. Da safe na idar da salla na zauna a zaure da rediyo, na ƙi fita kasuwa, ina murɗa tasha ba na jin abin da ake faɗa. Can sai ga ta cikin kayan makaranta, takalman taya ɗaure da igiyoyinsu a wuya, sandar hoki a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaishe ni.

“Baba, na tafi.”

Na ce to, ban ɗago ba. Sai da na tabbata ta sha kwana na fito. An yi yayyafi da asuba, yashi ya kwanta, kowane sawu ya fito sarai. Na ga nata: babba, ƙarami, babba, ƙarami, babu dogon layin nan. Har ƙofar Birni haka yake. Daga inda yashi ya yi zurfi sai ga ɗan rami zagayayye yana bin gefen ƙaramin sawun, taku bayan taku. Ta sauke sandar daga kafaɗa, ta juya ta, ta dogara da ita a tsakiyar hanya, a gaban kowa.

Na bi ramukan nan kaina a ƙasa, mutane suna gaishe ni ina amsawa ban san ko su wane ne ba, har suka shige ƙofar koleji suka ɓace cikin sawun sauran yara. Ranar sai da hantsi ya dubi ludayi na buɗe rumfa, maƙwabta suna tambaya ko lafiya, na ce lafiya lau.

Uwani ba ta san na bi ta ba. Yanzu tana koyarwa a Gidimuni, da sandarta ta ƙarfe, kuma in an zo hutu ita ce mai karanta mini abin da na rubuta don gyara. Idan kin iso nan, Uwani, ki wuce kawai, ba sai kin ɗago kin dube ni ba.